Jirgin Abuja Ko Motar Haya: Yadda Ake Biyan Kowanne, da Wanda Zai Fi Maka Sauƙi

Jiragen ƙasa iri biyu ne ke ɗaukar fasinja a Abuja, kuma ba mai su ɗaya ba. Akwai na cikin gari, wanda mutane ke kira metiro, yana ƙarƙashin Hukumar Babban Birnin Tarayya. Akwai na Kaduna, shi kuma yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC. Ma'aikatansu daban, jadawalinsu daban, yadda ake shiga kowanne daban. Inda gizo ke saƙar shi ne duk biyun a Idu suke haɗuwa, tasha a gefen tasha, sai baƙo ya ɗauka abu ɗaya ne. Wani ya ji an ce jirgin Abuja kyauta ne, ya kwaso iyali da jakunkuna zai tafi Kaduna, yana zuwa ƙofa a tambaye shi tikiti da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Wani kuma ya ji an ce sai da NIN da babbar waya ake shiga jirgi, ya haƙura da metiro ɗungurungum, alhali wannan ƙa'ida ta jirgin Kaduna ce.

Metiro layi biyu ne, tsawonsu kusan kilomita 45, tashoshi 12. Layin farko yana tashi daga babbar tasha da ke tsakiyar birni, kusa da dogayen benayen World Trade Centre, ya bi ta Sitadiyam, Kukwaba ta ɗaya da ta biyu, Wupa, Idu, Bassanjiwa, ya dire a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Na biyu daga Idu yake ɗauka, ya bi Gwagwa, Dei-Dei, Kagini, ya tsaya a Gbazango da ke Kubwa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi. An ba da kwangilar tun 2007, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 12 ga Yulin 2018. Dizal yake sha, ba lantarki ba, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da shi a hanya.

Abin da ya sa mutum uku za su ba ka labari uku a kan kuɗinsa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, shi ne kowanne zamaninsa yake ba ka. Wanda ya hau tsakanin 2018 da farkon 2020 zai ce maka tikiti ake saya a tasha, kuma jirgin ba ya tsayawa sai a babbar tasha da Idu da filin jirgi. Haka abin yake a lokacin. Wanda ya leƙa tsakanin 2020 da farkon 2024 zai ce babu wani jirgi, ciyawa ce kawai da ƙofofi a garƙame. Shi ma gaskiyarsa, domin annobar korona ta tsayar da shi a 2020, bai sake motsi ba sai bayan shekara huɗu. Wanda ya hau bayan 29 ga Mayun 2024, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, zai rantse maka ko sisi ba a karɓa. A wurin bikin ne Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ce za a hau kyauta na wata biyu, Tinubu ya nemi a kai shi har ƙarshen shekarar.

Kyautar gwamnati da sanarwa take zuwa, da sanarwa take tafiya, ba ta bin abin da maƙwabcinka ya gani bara. Don haka ranar tafiya kada ka dogara da hirar majalisa ko saƙon da aka turo a WhatsApp. Ka isa da wuri, ka karanta abin da aka manna a allon tasha, ka tambayi ma'aikacin da ke ƙofa sanye da kayan aiki. Ka riƙe 'yan canji a aljihu da katin shaida ko da ba za a nema ba. Duk takardar da aka miƙa maka, ko tikiti ko wata 'yar shaida, kada ka jefar sai ka fita daga tashar da ka sauka. Wanda kuma ya tare ka a waje ya ce kawo in yankar maka, ba ka da wata harka da shi.

Amma a ganina duk wannan ƙaramar magana ce. Ko kyauta ne ko da kuɗi, tikitin metiro shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Babban kuɗin yana tsakanin ƙofar gidanka da tasha, da tsakanin tasha da inda za ka. Zan dawo kan wannan, bari mu fara gamawa da ɗaya jirgin.

Jirgin Kaduna: tikiti mai suna

Layin Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne, daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a Yulin 2016. Shekarun farko a layi ake tsayawa a sayi tikitin takarda, kuma kowa ya san yadda ta kaya: tikiti ya ƙare a taga, amma yana nan a hannun wasu a waje da ninkin kuɗi. Domin toshe wannan ne aka kawo tikitin intanet a Janairun 2021, lokacin Rotimi Amaechi yana ministan sufuri. Sai ga harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da shi wata takwas. Da ya dawo ranar 5 ga Disamban 2022, aka ce ba mai sayen tikiti sai da lambar NIN.

Ma'anar wannan a aikace ita ce tikitin ba na duk wanda ya riƙe shi ba ne, na wanda sunansa ke jiki ne. Yana ɗauke da rana, da lokaci, da tashar da za ka hau, da tarago, da lambar kujera, da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da ake haska wa na'ura a ƙofa. Ko a waya ka saya ko a tasha, sunanka da lambarka za a shigar. Ba za ka saya da sunanka ka ba wa ƙaninka ba. Idan za ka saya wa wani, da bayanansa za ka saya.

Na zauna kusa da wani ɗan uwana a Gwagwa yana saya wa Goggonmu, wadda za ta biki Kaduna. Wayarta ƙarama ce, mai tocila. Ya ce, "Goggo, kawo takardar NIN ɗinki." Ta kwance bakin zani, ta ciro wata 'yar jaka, a cikin jakar akwai leda, a cikin ledar akwai katin zaɓe da katin asibiti da takardar a naɗe gida huɗu, rubutun ya fara gogewa a wurin ninki. Ya ɗaga ta sama wajen haske yana karanto lambobin 11 ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kai ɗan nan, duk don in shiga jirgi? Mu da can kuɗinka ne shaidarka." Ya ce, "Goggo, yanzu sunanki ne shaidarki." Da ya gama biya bai tsaya nan ba. Ya tura tikitin shagon masu kwamfuta aka buga mata a takarda, ya haɗa da ta NIN ɗin ya mayar cikin ledar, ya ja mata kunne kada ta ba kowa sai mai duba tikiti.

Wannan shi ne daidai, kuma ko mai babbar waya ya kamata ya yi koyi. Ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye, domin sabis na iya ɗaukewa a daidai lokacin da layi ya zo kanka. Ka cika batir tun daga gida. Ka saya da wuri, musamman Juma'a da Lahadi da kwanakin Sallah, lokacin da kujeru ke ƙarewa kafin ka ankara. Idan banki ya cire kuɗi tikiti bai fito ba, kada ka yi ta dannawa kana sake biya. Ka duba saƙon imel da cikin manhajar, ka ajiye alat ɗin, ka ɗan jira. Mutane da yawa a wannan gaɓar suke biya sau biyu su kwana suna bin kuɗinsu.

Wani abin lura: jirgin Kaduna yana tsayawa a Kubwa. Mazaunin Kubwa ko Dutse ko Bwari ba ya bukatar ya je har Idu, sai ya zaɓi Kubwa a matsayin tashar hawa tun wajen saye. Tashar Kubwa ta jirgin Kaduna daban take da Gbazango ta metiro, don haka in za ka hau keke ka faɗa masa wacce kake nufi, kada ka ce masa tashar jirgi kawai.

Titi da yadda ake biyansa

A titi ba a tambayar sunanka, kuɗinka ake so, kuma an fi son a gan shi a hannu. Mafi yawan ma'aikatan Abuja motocin alon suke bi, ƙananan motocin da ke ɗiban mutum huɗu a baya, wani lokaci biyu a gaba, kowa ya sauka inda ya ga dama a kan hanya. Akwai manyan bas-bas da har yau ake kira motocin El-Rufa'i, sun fi araha amma sai ka yi haƙurin jira da tsayuwa. Acaba an hana shi shiga tsakiyar birni tun 2006, ƙananan bas da ake kira araba aka bi su da irin wannan doka a 2013, keke ma an killace shi a unguwanni da garuruwan gefe. Wannan ya sa duk wanda ya sauka a tsakiyar birni ba shi da ɗan ƙaramin abin hawa mai arha da zai ƙarasa da shi. Ka riƙe wannan, domin shi ne ke yanke hukunci a kan metiro.

Kuɗin alon ba a rubuce yake ba. Da safe daban, da rana daban, in hadari ya haɗo da yamma a wuraren hawa mota irin su Baja ko Area 1 kuma sai abin da direba ya ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 farashin ya tashi bai sake komawa inda yake ba. Sai rigimar canji. Ka miƙa dubu ɗaya direba ya ce ba shi da canji, ya haɗa ka da wani fasinja da ba ka taɓa gani ba, ya ce ku je ku raba, ya ja motarsa. Ku tsaya a bakin titi kuna neman mai ruwan leda da zai fasa muku.

Taransfa ta shigo da ƙarfi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma direbobi da yawa sun manna lambar asusu a jikin gilashi. Tana raba ka da matsalar canji, ta kawo tata. Ranar nan wata Hajiya ta iso inda za ta sauka, ta nuna wa direba fuskar wayarta, ga shi an rubuta kuɗi sun tafi. Ya zaro tasa daga aljihun gaba, ya duba, ya girgiza kai. "Hajiya, ban ga alat ba." Ta ce, "Malam, ga shi kana gani an cire min." Ya ce, "Na gani a taki, a tawa nake so in gani." Mota na gefen titi, na baya suna ta hon, wani ma'aikaci a gaba yana duba agogo yana tsaki. Sai da wani dattijo ya ciro kuɗi ya biya mata, ya ce in alat ya shigo direba ya ɗauka sadaka ce, sannan aka tafi. Dabarar ita ce in taransfa za ka yi, ka tambaya kafin ka shiga, ka tura tun mota na tafiya, kada ka bari sai an iso.

Ba za a yi maganar alon a Abuja a tsallake 'yan wan-cans ba, masu shigar direba da fasinjoji su ɗauki mutum su kwashe masa waya, su tilasta masa ya buɗe asusunsa. Wannan ma kuɗin mota ne, ko da ba kullum ake biyansa ba. Shiga mota a tasha sananniya ya fi tsayar da ita a kan hanya, musamman bayan magariba, musamman ga mace ita kaɗai. A wannan fanni metiro ya yi wa titi nisa: akwai jami'an tsaro a tasha, kuma ba mai karkatar da shi daji.

Sai motocin manhaja irin su Bolt da inDrive. Su kuɗin yana bayyana kafin ka hau, a inDrive har tayi kake yi. Ana biya da tsaba ko taransfa, wasu da kati. Sun fi kowa tsada, sun fi kowa kai ka ƙofar inda za ka. Sai dai ka shirya jin direba ya kira yana tambayar ina za ka da yadda za ka biya kafin ya taso, kuma in tafiyar filin jirgi ce ku daidaita tun farko wa zai biya kuɗin shingen shiga.

Ma'aikacin Kubwa da Dei-Dei

Wannan shi ne mutumin da aka fi yi wa kwaɗayin metiro, kuma shi ne ya fi bukatar ya zauna da biro da takarda. A ce gidanka na cikin Kubwa, aikinka a Sakatariyar Tarayya ko Wuse. Da mota, ka fito babban titi, ka shiga alon ɗaya, ko biyu in ta kama, ka sauka kusa da ofis. Da jirgi, ka hau keke ko acaba zuwa Gbazango, ka bi ta Idu inda layukan biyu suka haɗu, ka sauka a babbar tasha, sannan ka nemi motar da za ta ƙarasa da kai. Ka tambaya tun a Gbazango ko jirgin da za ka hau zai wuce kai tsaye ko sai ka sauya a Idu.

Mu ɗauki misali kawai don lissafi. A ce keke zuwa tasha naira 500 ne, motar ƙarasawa a cikin gari ita ma 500. Ka ga naira 1,000 ta fita kafin a yi maganar tikiti. Idan alon daga bakin titinku zuwa ofis bai wuce haka da yawa ba, to jirgin kyauta bai rage maka komai ba, sai ma ƙarin hawa da sauka. Ya zama kamar wanda aka ce ya zo Zuba ya karɓi naman kyauta, ya ɗauko shatar mota daga Nyanya. Ka sa naka alƙaluman na gaskiya a wurin nawa, ka ninka sau biyu saboda dawowa, ka ninka da kwanakin aiki na wata. Abin da ya fito shi ne amsarka, ba abin da ya fito wa abokin aikinka ba.

Wanda lissafin ke yi wa kyau shi ne mai iya takawa da ƙafa zuwa tasha, kamar wasu mazauna Gbazango da Kagini da Gwagwa, ko mai abin hawan da zai ajiye a tasha ya huta da shan mai da cunkoson titin Kubwa. Kafin dawowar jirgin a 2024 an yi wa tashoshin hanyoyin shiga da wuraren ajiye mota, wanda a da babu, kuma wannan ya taimaka ƙwarai. Haka wanda aikinsa ke kusa da babbar tasha, ko a yankin masana'antu na Idu. Ga irin waɗannan, ban ga dalilin cusa kai a bayan alon mutum huɗu ba, ga tarago mai sanyi da wurin miƙe ƙafa.

Sai lokaci, wanda shi ma kuɗi ne ga mai sa hannu a rajistar ofis. Metiro ba ya zuwa duk bayan minti goma. Sawu ƙalilan yake yi a yini, a kan jadawali. In ka same shi, ka san lokacin isarka, ba ruwanka da gosulo. In ya wuce ka da minti biyu, ka koma titi ka biya kuɗin keke a banza. Mai tashi aiki a ƙayyadadden lokaci zai ji daɗinsa. Wanda oga ke iya riƙewa har bayan isha, ya hau da safe in ya so, amma ya ware kuɗin motar dawowa. Kada kuma ka ɗauka jadawalin ranakun aiki shi ne na Asabar da Lahadi ko ranar hutu, ka tabbatar tukuna.

Ɗan kasuwar Dei-Dei mai tayil da kwanon rufi da buhunan kaya, wannan ba jirginsa ba ne. Na fasinja ne da jakar hannu da akwati.

Tafiyar filin jirgi

A nan metiro ya fi haskawa. Daga tsakiyar birni zuwa filin jirgi kusan kilomita 40 ne ta titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma shatar mota zuwa can na daga cikin tafiye-tafiye mafi tsada a garin. Tashar jirgin ƙasa kuwa a jikin filin take, da ƙafa za ka ƙarasa. Ko nawa aka sa tikiti, da wuya ya kamo ƙafar kuɗin shata. Mutum ɗaya da akwati ɗaya, jirginsa na rana, ba shi da abin da ya fi wannan.

Abu biyu ke ɓata lissafin. Na ɗaya lokaci: mai jirgin asuba ko mai sauka da tsakar dare ba zai samu metiro ba. Ko da rana ma, ka zaɓi sawun da zai kai ka da sauran lokaci mai yawa, gara ka zauna a filin jirgi kana jira da ka tsaya a Wupa kana kallon agogo. Na biyu yawa: in ku biyar ne za ku raka mai tafiya Umara, da manyan jakunkuna da tsohuwa mai ciwon gwiwa, mota ɗaya daga ƙofar gida ta fi, domin kuɗinta a kan mota yake ba a kan kai ba. Wajen dawowa kuwa, tunda jirgin sama ba ya cika alƙawarin lokaci, ka ɗauki metiro a matsayin sa'a: in ka sauka ka tarar da shi, madalla, in ba haka ba kuɗin mota na aljihu.

Daga metiro zuwa jirgin Kaduna

Idu a gefen gari take, kuma kai mutum can da mota ba arha ba ne, don haka haɗa jiragen biyu dabara ce mai kyau: ka hau metiro daga tsakiyar birni ko daga filin jirgi, ka sauka a Idu, ka taka zuwa ɗaya tashar. Sai dai biya biyu ne, ƙofa biyu, bincike biyu. Abin da ya shigar da kai metiro ba zai shigar da kai na Kaduna ba. Kuma na Kaduna ba ya jiran na cikin gari. Tikitinka na rana ɗaya ne da lokaci ɗaya, in ka makara kujerarka ta tafi babu kai. In tazarar da ke tsakanin saukarka da tashinsa ba ta da yalwa, ka rufe ido ka biya mota. Asarar tikiti da kwana a Abuja ba shiri sun fi kuɗin Bolt ciwo.

Mutanen Nyanya, Karu, Mararaba da Masaka kuwa, waɗanda suka fi kowa shan wahalar cunkoso, layin bai je wajensu ba. Haka Gwarimpa, haka cikin Lugbe. Tsarin asali kashi shida ne, abin da aka gina ɗan yanki ne, kuma ɓangaren da ya kamata ya nufi Nyanya yana kan takarda. Ni dai da da shi aka fara, da yau ba a tambayar ko jirgin na da amfani.

In tafiya ta kai ka Legas

'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga Legas su san can wani tsarin ne na uku. Layin shuɗi na jirgin cikin garin Legas, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara aiki a Satumban 2023. Layin ja, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, kuma yana tsayawa a Agege inda Hausawa suka daɗe da zama. A can da katin Cowry ake shiga. Kati ne da kake zuba wa kuɗi, ka ɗora a kan na'urar ƙofa ta cire nata, kuma shi ne dai ake amfani da shi a manyan bas na BRT. Babu canji, babu jiran alat, babu suna a kan kujera. Aibinsa ga baƙo shi ne sai ka sayi katin ko da sau ɗaya za ka hau, kuma abin da ka zuba ya rage yana nan a ciki har ka sake dawowa. Don haka mai kwana biyu ya zuba kaɗan kaɗan, kada ya loda.

Cikin ukun, tsarin kati ne ya fi dacewa da jirgin cikin gari, domin ma'aikacin da ke hawa kullum ba zai riƙa shigar da NIN duk safiya ba, ba kuma zai riƙa tsayawa layin taga ba. Amfaninsa na gaske sai ya haɗa jirgi da bas, yadda kati ɗaya zai ɗauke ka daga Gbazango, ya sauke ka a babbar tasha, ka tarar da bas na jira ya kai ka Wuse ko Garki. Amma duk tsarin da za a bi a Abuja, a bar taga ɗaya mai karɓar tsabar kuɗi da mutum mai jin Hausa a bayanta. Masu hawa daga Gwagwa da Dei-Dei da yawa wayarsu irin ta Goggo ce, kuma in an ce sai da manhaja, mai POS na bakin tasha ne zai riƙa saya musu yana ɗora nasa a kai.